Uku Ko Huɗu? Yadda Malamai Suka Yi Wa Shakka Mazauni

Kana sallar La'asar kai kaɗai, don jam'i ya wuce ka kana kasuwa. Ka ɗago daga sujada, sai zuciya ta tsaya cak: wannan raka'a ta uku ce ko ta huɗu? Ka lalubi baya, ba ka kama komai ba. Tun a ruku'un farko hankalin ya tafi wajen bashin da ake bin ka, yanzu ya dawo ya tarar ba wanda ya riƙe masa lissafi. Babu wanda za ka tambaya, kuma ba dama ka zauna kana tunani har rana ta faɗi.

Duk wanda ya taɓa durƙusawa gaban malami da Ahalari a hannu ya san mafita. Ka ɗauka uku ka yi, ka miƙe ka kawo ɗaya, ka yi tahiya ka sallame, sannan ka yi sujada biyu bayan sallama, wato ba'adi. Yaro ɗan shekara goma ma ya sani. Abin da ba kasafai muke lura da shi ba shi ne, littafin bai gaya maka raka'a nawa ka yi ba. Wataƙila huɗu ka yi, wataƙila biyar. Har ka koma ga Allah ba za ka sani ba. Duk da haka sallarka ta yi, ka naɗe darduma ka koma shago. An ba ka hanyar da za ka gama aiki alhali abin da ya shige maka duhu yana nan a duhunsa.

A ganina wannan ƙaramin babi na rafkanuwa ya ƙunshi wani abu da ya fi salla faɗi. Malaman da suka tsara shi sun ɗauki rashin sani a matsayin abin da ɗan Adam ba zai rabu da shi ba, don haka suka auna shi, suka raɗa wa kowane irinsa suna, suka yanka masa hukunci.

Awon farko shi ne na abin da ke cikin zuciya. Malaman usulu sun kasa shi gida huɗu, kuma sikelin mai sayar da nama ya fi komai saurin nuna su. In gefe ɗaya ya sauka har ƙasa, ɗayan kuwa babu komai a kai, wannan shi ne yaƙini. In kowane gefe da kaya amma ɗaya ya fi nauyi, mai nauyin shi ne zanni, wato zato mai rinjaye, marar nauyin kuma shi ake kira wahami. In suka yi kunnen doki, babu wanda ya rinjayi wani, to nan ne kaɗai malamin fiƙihu yake cewa shakka. A bakinmu na yau da kullum duk mun zuba su a tukunya ɗaya: shakka, kokwanto, tababa, zato, wasu-wasi. Har ma kalmar shakka mun ɗora mata wani kaya na daban, na tsoro, shi ya sa mutum zai bugi ƙirji ya ce ba ya shakkar kowa. Zato kuwa mun saba jin sa a karin maganar da ke cewa zunubi ne ko da ya zama gaskiya. Wannan magana ce a kan munana wa mutane zato. Zannin malamai wani abu ne daban, kuma a kansa aka gina mafi yawan hukunce-hukuncen da muke aiki da su kullum.

Daga wannan awo aka fitar da ɗaya daga cikin manyan ƙa'idoji biyar na fiƙihu, wadda ma'anarta ita ce abin da ya tabbata ba ya kauwa don an yi kokwanto. Raka'a uku sun tabbata, ta huɗu ce ake kokwanto, sai a gina a kan uku. Wanda ake da'awar ana bin sa bashi, asali ba a bin sa komai, sai mai da'awa ya kawo shaida. Ruwan randa mai tsarki ne har sai an tabbatar wani abu ya canza shi. Ƙa'idar da sauƙin faɗa take, amma wajen aiki da ita har manya sun rabu.

Ga misali. Ka tabbata ka yi alwala da Azahar. La'asar ta yi, sai ka rasa ko ta karye ko tana nan. Shafi'awa da Hanafawa da Hambalawa suka ce alwala ta tabbata, karyewarta ce ake kokwanto, saboda haka yi sallarka. Mashahurin zance a mazhabar Malikiyya, wadda muka tashi a cikinta, shi ne ka sake alwala. Ɗalibi mai kaifin kai zai ce to ai Malikawa sun saki ƙa'idar ke nan. Alƙarafi, babban malamin Malikiyya na Masar da ya rasu a 1285, ya nuna cewa ba su sake ta ba, wurin da suka kafa ta ne ya bambanta. A wajensu abin da ya tabbata shi ne salla tana wuyanka, kuma nauyin da ya tabbata ba ya sauka da tsarkin da ake kokwantonsa. Wancan ɓangare ya dubi alwala, wannan ya dubi salla. Ƙa'ida ɗaya, hukunci biyu, kuma an shafe ƙarnuka ana bin juna salla ba wanda ya kafirta wani. Wato ko da an yarda cewa a gina a kan yaƙini, sai an sake zama an tantance wane yaƙinin ake nufi, kuma wannan tantancewar ita kanta da zato mai rinjaye ake yin ta.

Akwai kuma wanda ƙa'idar za ta cutar da shi in aka bar shi da ita. Shi ne mutumin da kokwanto ke zuwar masa kullum, ko da sau ɗaya ne a yini. Littattafan Malikiyya suna kiransa mustankahi, kalmar da ta fito daga tushe ɗaya da nikahi, shi ya sa malaman zaure kan fassara ta da wanda kokwanto ya aure shi. Kowa ya taɓa ganin irinsa a bakin masallaci: buta biyu ta ƙare bai gama wanke ƙafa ba, liman ya kai ruku'u shi yana ta maimaita kabbarar harama. Shi hukuncinsa juyewa yake yi. An ce masa kada ya sake alwala, kada ya ƙaro raka'a, ya watsar da abin da zuciyarsa ke raya masa, ya yi ba'adi ya tashi. Dalili kuwa, kokwantonsa ya daina ba da labarin abin da ya faru a salla, ya koma ba da labarin ciwon da ke cikin kansa. Likitocin ƙwaƙwalwa na yau sun san wannan larura, kuma jigon maganin da suke koyarwa shi ne mutum ya jure wa damuwar ya ƙi maimaita aikin, har ta gaji ta sake shi.

To, ba salla kaɗai ba. In ka bi ilimin addini gida-gida za ka tarar da wannan awo ko'ina. Malaman hadisi sun raba labarin da jama'a masu yawa suka ruwaito daga jama'a masu yawa, har ƙarya ba za ta yiwu ba, da wanda ya zo ta hanyar mutum ɗaya ko 'yan kaɗan. Na farko suka ce yana ba da yaƙini. Na biyu, a wajen mafi yawan malaman usulu, zato mai ƙarfi yake bayarwa, amma wajibi ne a yi aiki da shi in ya inganta. Kalmomin sahihi da hasan da la'ifi da maudu'i matakala ce ta amincewa, kuma an gina ta ne da tuhuma: wane ne ya gaya maka, shi kuma wa ya gaya masa, sun ma taɓa haɗuwa kuwa, yaya ƙarfin haddarsa bayan ya tsufa? Mutanen da suka fi kowa son Annabi (SAW) su ne suka fi kowa ƙin yarda da duk abin da aka jingina masa. Alƙali yana yanke hukunci da shaidu biyu, alhali ya san shaidu kan yi ƙarya. Hadisi ya zo cewa Annabi da kansa ya gargaɗi masu shari'a a gabansa cewa da abin da ya ji yake hukunci, kuma wani kan fi wani iya baki, don haka wanda aka ba shi haƙƙin ɗan'uwansa kada ya ɗauka ya halatta gare shi. Wani hadisin ya yi wa mai hukuncin da ya yi iyakar ƙoƙarinsa ya kuskure alkawarin lada ɗaya, wanda ya dace kuma biyu. Ba a yi wa kuskure tanadin lada sai in an san dole za a yi shi.

Daren da ke bin ranar 29 ga Sha'aban ma haka ne. Gari ya yi shiru, kowa kunnensa na rediyo yana jiran sanarwa daga fadar Sarkin Musulmi. In hazo ko gajimare ya rufe sama ba a ga wata ba, sai a cika 30, ko da kuwa jinjirin yana can bayan gajimaren. Washegarin wannan dare sunansa ma ranar shakka, kuma an hana a azumce ta da niyyar ko-ta-kwana. Manomin gero ya san irin wannan zama. In ya ga alamun sama, yakan yi binne, ya zuba iri a busasshiyar ƙasa kafin ruwa ya sauka. Wata shekara ya riga kowa cin tumu, wata shekara irin ya ƙone ya sake shuka. Wanda ya ce sai ya tabbatar damina ta zauna, yakan tarar ta yi nisa.

Shi ya sa "ban sani ba" take da daraja a wajen magabata. An ruwaito cewa an yi wa Imamu Malik, wanda ya rasu a Madina a shekara ta 179 bayan Hijira, tambayoyi 48, ya ce bai sani ba a 32 daga ciki. An kuma ruwaito labarin mutumin da ya yi tafiyar wata shida da tambayar da mutanen garinsu suka aiko shi da ita, Malik ya ce ba shi da amsa. Mutumin ya ce to me zai gaya musu? Ya ce ya gaya musu Malik bai sani ba. Nakan tuna wannan labari duk lokacin da na ji shirin fatawa na awa guda, an yi tambaya talatin ta waya, an amsa talatin, ko tari ba a yi ba.

Mai karatu zai iya tsayar da ni a nan ya ce: Malam, duk wannan ai rassa ne. Kokwanton raka'a daban, kokwanton tushe daban. Yaya batun wanda abin ya kai shi ga tambayar ko addinin da ya gada gaskiya ne? Wannan gaskiya ne, kuma a nan malaman aƙida sun ce zato bai isa ba, sai an sami sakankancewa. Sai dai a kan yadda ake samun ta an sha gumurzu, kuma wani yanki na gumurzun a ƙasarmu aka yi shi.

Shehu Sanusi na Tilimsan, wanda ya rasu a 1490, shi ne mai littafin tauhidin nan Ummul Barahina, inda aka jera siffofi ashirin da suka wajaba ga Allah, kowace da dalilinta na hankali. Ya matsa ƙwarai a kan cewa baligi ya san dalili, kada ya tsaya ga "haka na ji iyayena suna faɗa". Littafin ya bazu a Afirka ta Yamma, har aka mayar da shi Fulatanci ana haddacewa. Daga cikin masu karatunsa aka sami waɗanda suka wuce gona da iri, suka ce duk wanda bai iya kawo dalili irin na malaman kalam ba, to ba musulmi ba ne. Ka ga tsohuwar da ta shekara sittin tana salla an fitar da ita daga addini don ba ta iya warware hujjar faruwar duniya ba. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yaƙi wannan fahimta da alƙalami. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya faɗa cewa rubuce-rubucen Shehu a kan mas'alar sun kai wajen hamsin, kuma daga cikin waɗanda suka taɓo ta akwai Hisnul Afhami. Matsayinsa shi ne duk wanda ya furta shahada, bai bayyana abin da ke warware ta ba, musulmi ne, abin da ke cikin zuciyarsa kuma ba aikin kowa ba ne ya tone. Imanin talaka mai natsuwa imani ne, ko bai san sunan hujja ɗaya ba.

Yau abin ya juyo ta ɗaya gefen. A da an takura wa wanda ba shi da tambaya, yanzu wanda yake da ita ake takura wa. Saurayi ya shiga jami'a ya karanta ilimin halittu, ko ya ci karo da wata muhawara a YouTube, ko kuma ya binne ƙanwarsa 'yar shekara uku ya kasa gane hikimar abin. Ya je wurin malami da tambaya a baki, sai a ce ya yi istigfari ya bar karanta littattafan banza. Tambayar ba ta mutu ba, ɓuya ta yi. Alhali a cikin Sahihu Muslim akwai labarin sahabban da suka kai ƙarar zukatansu, cewa suna jin abin da ba za su iya furtawa ba don girmansa, Annabi kuma ya kwantar musu da hankali, ya lissafa hakan cikin tsantsar imani. Masu sharhi suka ce ƙyamar da suka ji ita ce alamar. A Suratul Baƙara kuma Annabi Ibrahimu ya roƙi a nuna masa yadda ake rayar da matattu, ba don bai yi imani ba, sai don zuciyarsa ta natsu, aka kuwa nuna masa da tsuntsaye huɗu. Ba a kore shi ba.

Wanda ya fi kowa buɗe cikinsa a kan wannan shi ne Imamu Gazali. An haife shi a Ɗus, a ƙasar Iran ta yau, a 1058. Ya yi karatu a Naisabur wajen Imamul Haramaini, kuma a 1091 waziri Nizamul Mulki ya ɗora shi a kan makarantar Nizamiyya ta Bagadaza, yana ɗan shekara 33, ɗalibai wajen 300 suna zama gabansa. A littafinsa Almunƙizu Minad Dalali, wanda ya rubuta yana kusa da hamsin, ya ba da labarin rikici biyu da ya shiga. Mutane kan haɗa su wuri ɗaya, alhali ba iri ɗaya ba ne.

Na farko tun yana matashi ne. Ya lura cewa ɗan Kirista kan tashi Kirista, ɗan Bayahude Bayahude, ɗan Musulmi Musulmi. To in gado ne, ta yaya zai san nasa ne daidai? Ya ƙudurta ba zai karɓi komai ba sai abin da ya kai tabbacin cewa goma ta fi uku, irin tabbacin da ko wani ya mai da sanda maciji a gabansa don ya ƙaryata shi, zai yi mamakin macijin amma lissafin ba zai motsa ba. Ya fara da ido. Ido yana ganin inuwa a tsaye, bayan sa'a guda sai ka ga ta matsa, ashe tafiya take yi a hankali. Ido yana ganin tauraro kamar ƙwandala, lissafin masana taurari kuma ya nuna ya fi duniya girma. Hankali ya kama ido da ƙarya ke nan. Sai ya ce to ya dogara da hankali. Nan wata tambaya ta taso masa: da babu hankali, ai da har yanzu ido ake gaskatawa. Me zai hana a ce akwai wani alƙali a bayan hankali, wanda in ya bayyana zai ƙaryata shi kamar yadda shi ya ƙaryata ido? Mai mafarki ai ba ya kokwanton mafarkinsa sai ya farka. Wa ya ce wannan farken ba wani barcin ba ne?

Tarkon a nan yake. Ba za a fita ba sai da hujja, hujja kuwa da hankali ake gina ta, hankalin kuma shi ne a gaban shari'a. Gazali ya ce ya yi kusan wata biyu a haka, yana mai tababar komai a cikin ransa ko da yake bai furta ba. Bayan fiye da shekara 500, a 1641, Bafaranshen nan Rene Dekart ya bi irin wannan hanya har da misalin mafarki, ya ce shi ya sami abin kamawa a cikin tunanin kansa. Gazali bai yi da'awar haka ba. Ya ce ciwon ya warke ne da wani haske da Allah ya jefa masa a ƙirji, har ya koma amincewa da abubuwan da hankali ke gani a fili, ba don ya jera dalilai ba.

Mai tababa zai ce ai bai amsa tambayar ba ke nan. Ni ma haka na gani, kuma ina jin shi ma ya sani, shi ya sa bai ƙirƙiro hujjar da ba shi da ita ba. Abin da ya nuna shi ne ko amincewa da cewa goma ta fi uku tana zaune a kan wani abu da ba a iya tabbatarwa da hujja, kuma mai imani da marar imani duk a kan wannan tabarma suke. Ya kuma faɗi wata magana mai zafi ga masu ba da shawarar a koma yadda ake: wanda ya gane cewa koyi yake yi, koyin ya fashe kamar gilashi, ba ya ɗinkuwa, sai dai a narkar a sake ƙerawa.

Rikici na biyu ya zo a 1095, yana tsakiyar ɗaukaka. Wannan karon ba Allah ko annabci ko Lahira yake kokwanto ba, ya ce waɗannan sun riga sun kafu a ransa. Kansa yake tuhuma. Ya duba niyyarsa ta koyarwa ya ga neman suna ne da matsayi. Wata shida yana jan ƙafa, yau ya yi niyyar tafiya gobe ya fasa, har harshensa ya ƙulle ya kasa ba da darasi, abinci ya daina narkewa a cikinsa. Likitoci suka ce abin daga zuciya yake, ba su da maganinsa. A ƙarshen shekarar ya bar kujerar, ya nuna Makka za shi, ya nufi Dimashƙa, inda yakan hau hasumiyar babban masallaci ya rufe ƙofa ya yini. Daga nan Ƙudus, sannan aikin hajji, sannan gida. A wannan tsakanin ya rubuta Ihya'u Ulumid Dini.

Sai a 1106 ya koma koyarwa a Naisabur. A 1109 ya kammala Almustasfa, babban littafinsa na usulul fiƙihi, wanda yawancinsa bayani ne a kan wane dalili ne yankakke, wane ne na zato, yaya ake rinjayar da wani a kan wani, kuma me mujtahidi zai yi in dalilai suka yi masa kunnen doki. Ya rasu a Ɗus a 1111, shekara biyu bayan ya ajiye alƙalamin wannan littafi.